Karatun Binciken Asusu a Jami'a: Digiri Kaɗai Ba Ya Wadatarwa

A jami'o'in Najeriya, ana koyar da binciken asusu da rahoton kuɗi a cikin digirin akanta na shekara huɗu. Ɗalibi kan koyi tsara rahoto bisa ƙa'idojin IFRS, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su a 2012, da tantance ko alƙaluman kamfani sun dace da takardunsa.

Sai dai digirin ba ya ba mutum ikon sa hannu a rahoton bincike. Wajibi ne ya zama mamban ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ANAN, ya samu lasisin aiki, sannan ya yi rajista da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi, wato FRC.