Yadda Likitoci Suka Sami Idon Leƙa Jijiyar Zuciya

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa yana tambaya: wai yaya likita ke ganin inda zai sa ƙarfe cikin jijiyar zuciya alhali bai tsaga ƙirji ba?

To malam, ita dai zuciya tana da nata jijiyoyin da ke shayar da ita jini. In kitse ya toshe ɗaya, akan zura 'yar ragar ƙarfe ta tokare bangon, kamar yadda kuke sa wa rijiya kankare don kada ta rufta.

Abin ya faro ne a 1929, lokacin da wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririyar roba ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoton ƙirjinsa. A 1958 kuma, a birnin Cleveland na Amurka, ruwan da ke fito da jijiya a hoto ya kuɓuce wa Dokta Mason Sones ya shiga jijiyar zuciyar wani majinyaci. Mutumin ya rayu, jijiyar kuwa ta fito sarai. Da irin wannan hoto Jacques Puel ya sa ragar farko a Faransa a 1986.

Sai dai fa hoton inuwa ce kawai. Wanda ya leƙa rijiya daga sama bai san ko kankaren ya zauna ba, sai wanda ya sauka. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka ƙera 'yar na'ura mai aiki da amsa-kuwwa, irin ta duban masu juna biyu, wadda ke shiga cikin jijiyar kanta. Da ita Antonio Colombo na Italiya ya nuna a 1995 cewa raga da yawa da suka yi kyau a hoto, ashe ba su buɗe sosai ba. Nan kuwa jini ke daskarewa, har a rasa rai. Tun daga nan aka koma buɗa ragar da ƙarfi. Daga baya aka sami mai aiki da haske, wadda ta fi ta gani kusan sau 10.

Saboda haka malam, in an sa wa wani naka, kada ya bar shan maganin hana daskarewar jini sai likita ya ce. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.