Daga Yamai zuwa Diffa: wa ke riƙe sabon ɗalibi a shekarar farko?

Yau za mu waiwayi tarihin karatun jami'a na ƴaƴan jihar Diffa, saboda akwai darasi a ciki ga masu sabon bak da iyayensu.

A shekarar 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, daga baya a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Shekaru da dama ita ce babbar jami'ar gwamnati ɗaya tilo a ƙasar. Yaron da ya ci bak daga Maine-Soroa, N'Guigmi ko Bosso, sai ya kama hanyar da ta kai kusan kilomita 1,300 ko fiye, ya ratsa Damagaram da Maraɗi da Dosso kafin ya ga kogin Kwara. Ya sauka garin da Zabarmanci ya fi yawa a kasuwa, shi kuwa da Barbarci ko Fulatanci ko Hausa ya tashi.

Su wa suka riƙe waɗannan yara? Manyanmu da suka yi wannan zamani abu biyu suke yawan ambata. Na farko mai masauki: ɗan gari da aiki ya kai shi Yamai, wanda zai ba ka tabarma da tuwon dare har ka samu ɗaki. Na biyu yayyen da suka riga ka zuwa, su ne ke tarbar ka a tasha, su nuna maka inda ake rajista, su raba tikitin abinci da kai kafin kuɗin burs su fito. Burs kuwa ya sha yin jinkiri, kuma rayuwar ɗalibi ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. Ba mu manta ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy lokacin zanga-zanga.

A 2010 Damagaram da Maraɗi da Tawa suka samu nasu jami'o'in, tafiya ta ragu. A 2014 kuma aka kafa Jami'ar Diffa tare da na Agadas, Dosso da Tillaberi, aka ba tamu fannin noma da muhalli, abin da ya dace da mutanen da ke rayuwa da kogin Komadugu da tafkin Chadi.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka sa dokar ta-ɓaci. An hana hawan babur, an taƙaita cinikin tattasai da kifi, ƙauyukan bakin kogi da yawa suka tashi suka koma gefen babbar hanya. Mun san cewa tattasan Komadugu ne ke biyan kuɗin rajista da littafi a gidaje da dama. Da gona ta tsaya, aljihun uba ya bushe, ɗalibi ne ya fara ji a jikinsa.

Ga abin da muke son a lura da shi. Kawo jami'a gida ya rage nisa, amma bai kawar da wahalar watannin farko ba. Yaron da ya fito daga Geskeru ko Gudumariya baƙo ne a cikin garin Diffa. A lise malami na kiran suna kullum. A jami'a in ka yi sati ba ka zo ba, ba lallai wani ya tambaya ba. Ga rubuta darasi da Faransanci cikin sauri, ga kuɗin kwafi, ga wurin kwana. Yarinya kuma tana da ƙarin nauyi: in babu gidan da iyaye suka amince da shi, sai a ce ta dawo gida. Mafi yawan wanda ya bari, shiru yake bari, kafin ma jarrabawar farko.

To, a da mu ne baƙi a garin wasu, yau mu ne masu masauki. Wanda ke da ɗakin zaure da ba kowa, ya tuna wanda ya sauke shi a Yamai. Ɗaliban shekara ta biyu da ta uku, kowa ya riƙe sabo guda: ka raka shi rajista, ka nuna masa yadda ake cika takardun burs a kan lokaci, ka ba shi tsofaffin darussanka, in ka kwana biyu ba ka gan shi a aji ba ka neme shi. Iyaye kuma, kada a tura yaro a ce shi ke nan ya girma. A riƙa kira, a tambayi abin da ya ci da inda yake kwana.

Wanda aka taɓa saukewa a Yamai ko Damagaram, ya ba mu labarin mai masaukinsa don ƙannenmu su ji. Allah Ya ba jiharmu zaman lafiya, Ya sa albarka a karatun yaranmu.