St Kilda: Tsibiran da Mutane Suka Bar wa Tsuntsaye

Ranar 29 ga Agusta, 1930, jirgin ruwan sojan Birtaniya mai suna Harebell ya kwashe mutum 36 daga tsibirin Hirta. Su ke nan ragowar al'ummar St Kilda, wasu tsibirai masu tsaunuka a yamma da Sikotlan, can cikin Tekun Atlantika. Ba korarsu aka yi ba. Su da kansu suka rubuta wa gwamnati takarda suna roƙon a zo a ɗauke su.

Mutanen nan da tsuntsu suka rayu. Ƙasarsu ba ta noma sosai, teku kuma ba ta da sauƙin shiga, saboda haka cimakarsu tana jikin dutse. Namiji zai ɗaura igiya a ƙugu, ɗan uwansa ya riƙe daga sama, ya sauka ƙafa ba takalmi a bangon dutsen da ya haura mita 400, ya kamo tsuntsayen fulma, ya kwaso ƙwai. A ci naman, a kunna fitila da man, gashin kuma a biya kuɗin haya da shi ga dangin MacLeod masu mallakar ƙasar. Abin da aka samo akan raba shi gida-gida, a shanya a ƙananan rumbunan dutse, waɗanda sama da dubu suke tsaye har yau.

Kada a ɗauka aljanna ce. A 1727 agana ta kusa share Hirta, har wasu maza 3 da yara 8 suka maƙale wata da watanni a kan dutsen Stac an Armin, don babu mai zuwa ɗauko su. A kan dutsen ne kuma, wajajen 1840, aka kashe wani ƙaton tsuntsu marar tashi bisa zargin maita, wai shi ya kira guguwa. Daga shi ba a sake ganin irinsa a Birtaniya ba. Cutar sarƙe-haƙora ta yi ta ɗauke jarirai, samari suka yi ta ficewa, har aka rasa masu riƙe igiya.

Waɗanda aka kwashe, yawancinsu aikin dashen itace aka ba su a yankin Morvern, alhali tsibirinsu ko bishiya ɗaya babu.

A 1957 tsibiran suka koma hannun hukumar adana kayan tarihi ta Sikotlan, UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 1986. Yau babu mazaunin dindindin, sai ma'aikatan tashar rada da masu bincike, ga tsuntsaye kusan miliyan guda duk bazara.

To amma ƙarni da ƙarni ana farautar tsuntsayen nan ba su ƙare ba. Yanzu da aka tsare su ne ƙarancin kifi da murar tsuntsaye ke cin su, kamar yadda aka gani a 2022. Dokar kare tsibiri ba ta isa ta hana wannan ba.