Hanyar Igwa, Hanyar Tarago: Abin da Layin Dogo Ya Yi wa Kudancin Kano

Wanda ya tsaya yau a gonakin noman rani na Kura ko Bunkure, shinkafa da tumatir zai gani iyakar ganinsa. Ta wannan sashe na kudancin Kano ne yaƙi ya shigo a 1903, kuma ta nan jirgin ƙasa ya biyo baya.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanal Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, da igwa da bindiga mai ruwa. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, suka wuce zuwa Kogin Challawa. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi, Sarki Alu yana Sakkwato. Ganuwar da aka yi ƙarnoni ana dogaro da ita ba ta kai yini guda a gaban igwa ba.

Cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Turawa kaɗan ne, barikokinsu na nesa da juna, kayan yaƙi kuwa a kan 'yan dako suke tafiya. Boren Satiru na 1906 ya nuna musu haɗarin wannan nisa. A 1907 aka naɗa Percy Girouard ya gaji Lugga. Injiniyan soja ne, shi ya shimfiɗa wa rundunar Kitchener layin dogo a hamadar Sudan. A zamaninsa aka fara layin Baro zuwa Kano, da ƙwadagon talakawan da aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, da tashoshi irin su Madobi da Challawa a maƙwabtan Kura.

Bayan tsaro, burin Ingila shi ne auduga don masaƙun Lancashire. Manoman Kano suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, tana gyara ƙasa, in ciniki ya ƙi kuma ana iya cinta. Tun kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano. Alhassan Ɗantata, haifaffen wannan Bebeji da aka fasa, ya zama gagarabadau a cinikinta. Jirgin da ya kai gyaɗa Ikko shi ne kuma ya kwashi samarin da aka ɗauka soja a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansunsu har Bama. Kura, wadda ta yi suna da rini da bugu har cikin Sahara, ta ga fatauci ya juya daga arewa ya fuskanci teku.

Sauyi na gaba ma a ƙarƙashin mulkin soja ya zo. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwan Tiga, aka kammala ta a 1974, magudananta suka ratsa Kadawa, Garun Malam, Kura da Bunkure. Sai dai lokacin da ruwa ya iso, dogo ya fara mutuwa, dalar gyaɗa kuma tana ɓacewa. Shi ya sa tumatirin Kwanar Gafan yake tafiya Legas cikin kwanduna a bayan manyan motoci, wani ya ruɓe kafin ya isa kasuwa.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Tsohon layin an zana shi ne don soja da auduga, manomi ya sama wa kansa gurbi a ciki da dabararsa. Gyaɗa tana jure wata da watanni a buhu, tumatir kuwa kwana kaɗan gare shi. In ba a tanadi tashar lodi kusa da gonaki da taragu masu sanyi ba, sabon jirgin zai wuce manomin Kura da Bunkure yana kallo.