Bango Uku da Ƙwallo Ɗaya: Yadda Makarantar Kwana Ta Raini Maza a Ƙasar Kabi

A wasu tsofaffin makarantun maza na Arewa akwai wani gini da baƙo kan tsaya yana kallo bai gane kansa ba. Bango uku ne, babu ƙofa, gaba a buɗe. Ƙasan hawa biyu ne, akwai 'yar matakala a tsakiya, sannan daga bangon hagu wata katanga ta kunno kai ciki kamar maginin ya yi kuskure. Wannan shi ne filin wasan Fives, ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu. Masu bin tarihin wasan sun ce a shekarun 1920 wani Bature malamin makaranta mai suna Hogben ya shigo da shi Arewa, kuma garuruwa biyu ake ambata a matsayin inda ya fara koyar da shi: Birnin Kebbi da Katsina.

Asalin wasan daga makarantar Eton ne ta Ingila, inda yara ke buga ƙwallo a jikin bangon cocin makarantar, a gindin matakala. Da aka zo gina filayen wasan a 1840, sai aka kwaikwayi wannan lungu da duk karkacewarsa. Ke nan yaron Gwandu da ke dukan ƙwallo a Birnin Kebbi, a cikin kwafin lungun wani gini na Ingila yake wasa, ginin da bai taɓa gani ba. Amma wasan bai zauna yadda ya zo ba. Ƙwallon Turawa mai tauri tana gutsurar bangon ƙasa, don haka aka koma ƙwallon tanis, aka kuma ajiye safar hannu. Tarihin makarantar kwana a ƙasar Kabi kusan haka yake gaba ɗayansa: tsari ne da aka ɗauko daga waje, 'yan ƙasa suka sassaƙe shi har ya dace da hannunsu.

Daga Nasarawa zuwa Midil

Boko ya iso ƙasar da ta riga ta san karatu. Gwandu cibiyar malamai ce tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo, don haka iyaye da yawa ba su ga abin da makarantar Nasara za ta ƙara wa 'ya'yansu ba, sai ma tsoron abin da za ta rage musu. Turawa sun san da wannan. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai ta fara nema, domin idan fada ta miƙa ɗanta, talaka zai rage ɗari-ɗari. Duk da haka an daɗe ana ɓoye yara idan aka ji hakimi ya aiko neman 'yan makaranta.

A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a hukumance, don horar da malamai. Ita ce ta zama uwa ga tsarin da ya biyo baya. An raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin ɗalibai, kuma wasanni wajibi ne kamar darasi. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, inda daga baya ta karɓi sunan Barewa. Ahmadu Bello ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya yi fice a wasan Fives, sannan ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Bai rabu da wasan ba har ya zama Firimiya, kuma har yau akwai gasar Kofin Sardauna.

Makarantun Midil, waɗanda aka tsara a wajajen 1930, su ne suka kai wannan salo larduna. Lardin Sakkwato na wancan lokaci ya ƙunshi masarautun Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri. Yaron da ya yi ƙoƙari a elemantare sai a ɗauke shi daga garinsu, En'e ta ɗauki nauyin cinsa da suturarsa, ya tafi ya kwana ɗaki ɗaya da yaran da bai taɓa jin sunan ƙauyensu ba.

Jikokin mayaƙa a ɗaki ɗaya

A kwarin Rima wannan haɗuwa tana da nauyi na daban. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Kabawa, magadan Kanta, suka kafa sabon mazauni a Argungu, kuma daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, zaman doya da manja aka yi tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato, ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi, wanda shi ne tushen bikin da duniya ta sani yau. Tsakanin garuruwan biyu bai wuce tafiyar awa guda a mota ba, amma tarihi ya nisanta su.

Abin da sarakuna suka ƙulla a bakin ruwa, makaranta ce ta mai da shi zaman yau da gobe. Jikan wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Gwandu da jikan wanda ya tare shi a ganuwar Argungu sun ci tuwo a kwano ɗaya, sun sha bulala a hannun firifet ɗaya. Da makarantun sakandare suka yawaita bayan samun 'yancin kai, musamman bayan kafa Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sai da'irar ta ƙara faɗi: Bazabarme da Bafulatani da Badakkare daga Zuru da Bakambare daga ƙasar Yawuri duk suka shigo layi ɗaya. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, a sakandaren gwamnati ta Birnin Kebbi ya yi karatu kafin ya wuce Kano a 1974. Yau sunaye irin su Kwalejin Nagari a Birnin Kebbi da Kwalejin Kanta a Argungu su ne ke riƙe da wannan gado.

Ƙararrawa ce sarki

Rayuwar makarantar kwana ƙararrawa ke juya ta. Da asuba a tashi salla, a yi shara, a ɗebo ruwa, a sha koko, a fita asambuli. Bayan darasi a ci abincin rana, a ɗan kishingiɗa, da la'asar kowa ya fita fili. Bayan isha'i a koma aji karatun dare, sannan a kashe fitila. Ranar Asabar ta duba tsabta ce: a wanke kaya, a gyara gado, a jera akwatunan ƙarfe, malamai su zaga su ba kowane gida maki.

Gida shi ne ƙasar ɗalibi. Da zarar yaro ya shigo aji ɗaya za a jefa shi wani gida ba tare da tambayar garinsu ba, kuma sunan gidan zai bi shi har furfura. Don gida ake gudu, don gida ake tsalle, kuma ranar gasar gidaje ita ce sallar makaranta, inda iyaye da manyan gari ke zuwa kallo. Dabarar a fili take: an ba yaro wata sabuwar ƙabila da zai yi wa kishi, wadda ba ta da alaƙa da jini.

Mulkin cikin gida kuwa a hannun ɗalibai yake. Akwai shugaban ɗalibai, akwai firifet na abinci, na leba, na wasanni, na lafiya, na masallaci, da mai kula da lokaci. Saurayi ɗan shekara 18 kan kwana da alhakin yara masu yawa a wuyansa, ya raba abinci, ya raba faɗa, ya kai mara lafiya asibiti da dare. Ƙungiyoyi su ma makaranta ce ta biyu. A ƙungiyar muhawara aka koyi tsayawa gaban jama'a, a ta wasan kwaikwayo aka koyi yi wa manya hannunka mai sanda, 'yan sikawut da 'yan kadet suka koyi fareti, ƙungiyar matasan manoma ta riƙe gonar makaranta. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta bazu har ta zama ginshiƙi a masallatan makarantu.

A gefen wannan tsari na hukuma, ɗalibai sun gina nasu. Su suka raɗa wa tuwon makaranta suna gabza. Su suka mai da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari dukiyar da ake ƙulla abota da ita. Kokawa da langa da suka taho da su daga gida ba su mutu ba, kuma yaron Argungu da ya tashi a bakin Matan Fada yana da labarin ruwa da zai ba ɗan tudu har dare ya raba.

Inda tsarin ya cije

Duk wanda ya ce zaman nan daɗi ne zalla ya manta da ajinsa na ɗaya. Ikon da aka ba siniya sau da yawa ya zama zalunci: gwale-gwale, aike ba dalili, ƙwace guzuri, duka. Wanda aka zalunta bana shi zai rama a kan na baya baɗi, a ce al'ada ce. Akwai yaran da suka gudu ba su dawo ba, kuma ba a jin muryarsu a taron tsofaffin ɗalibai. An kuma hukunta yara saboda sun yi magana da harshen uwarsu, abin da ya bar wa wasu 'yan boko jin kunyar rubutu da Hausa. Sannan ƙofar ta daɗe a ƙuntace: maza ƙalilan ne suka shiga, 'yan'uwansu mata kuwa sun jima suna jira.

Daga baya yawa ya zo ya danne inganci. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya turo ɗalibai fiye da yadda ɗakunan kwana za su ɗauka, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, gabza ta ƙara tsinkewa, makarantun jeka-ka-dawo da masu zaman kansu suka yawaita. Lokacin da aka kafa Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991, da yawa daga waɗanda suka hau kujerunta 'ya'yan wancan tsari ne, amma tsarin ya riga ya fara tsufa.

Abin da ke kan sikeli

Yau barazanar ta wuce ta yunwa. A Disamba 2020 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai maza fiye da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. A ranar 17 ga Yuni 2021 aka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya da ke Birnin Yawuri. A Nuwamba 2025 aka sace 'yan mata 25 a makarantar Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Uban da ya ƙi kai ɗansa kwana bayan wannan ba wanda zai ga laifinsa.

Sai dai idan makarantar kwana ta gwamnati ta mutu, ɗan mai hali zai koma ta kuɗi a birni, ɗan ƙauyen da babu sakandare a kusa da shi kuma karatunsa ya tsaya ke nan. Za a kuma rasa wuri guda da ya rage inda ɗan sarki da ɗan masunci ke bin layi ɗaya da kwano a hannu. Maganin yana da tsada, amma ba ɓoyayye ba ne: katanga da tsaro na gaskiya, malaman da ke kwana a cikin makaranta, abinci mai ƙosarwa, da dokar da za ta raba horo da zalunci. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka fi kowa sanin darajar abin, suna da bakin da gwamnati ke ji.

A al'adar Fives babu alƙalin wasa. Mutum huɗu ne a fili, biyu da biyu, kuma idan ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ɗan wasa ya buga, shi ake sa ran zai faɗa da bakinsa. Makarantar da ta koya wa yaro ɗan shekara 13 ya yi shaida a kan kansa alhali babu mai ganinsa ta yi aikin da jarrabawa ba ta aunawa. Kafin a bar ciyawa ta cinye waɗancan bangaye uku, ya kamata a san inda za a koya wa na baya wannan darasi.