Sabunta manhaja: dalilin da ya sa sabuwar siga ba ta isa ga kowa rana ɗaya

Sakin sabuwar siga shi ne matakin da kamfani ke fitar da manhaja daga ɗakin gwaji ya miƙa ta ga jama'a. A nan haɗarin yake, don wani kuskuren ba ya bayyana sai a hannun masu amfani.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce sakin kaɗan-kaɗan, kamar yadda manomin Arewa ke gwada sabon irin hatsi a gefen gona kafin ya shuka ta duka. Masana na kiranta "kanari", sunan tsuntsun da masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da shi har zuwa 1986, don yakan riga mutum jin iska mai guba. A tsarin Apple, sakin na ɗaukar kwana 7: kashi 1 cikin 100 na wayoyi a ranar farko, sai 2, 5, 10, 20, 50, sannan kowa. A Google Play kuwa, mai manhajar ne ke zaɓar kason, kuma yana iya tsayar da sakin. Shi ya sa a Dogon Dutsi ko Tibiri wani zai ga sabon abu a WhatsApp ɗinsa, maƙwabcinsa bai gani ba. Ba kullum ne laifin rezo ba.

Akwai kuma tsarin "shuɗi da kore": rukunin na'urori biyu, ɗaya da tsohuwar siga, ɗaya da sabuwa. In sabuwar ta ba da matsala, sai a maida jama'a kan tsohuwar nan take. Yana da tsada, amma ja da baya ba ya wuya.

Ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura gyara ga abokan cinikinsa lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 masu Windows sun tsaya. Jiragen sama, bankuna da asibitoci sun shiga ruɗani. Kamfanin ya janye gyaran cikin minti 78, amma da yawan kwamfutocin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Wannan gyaran hannu ne abin tsoro ga wurare irin su Arewa. In manhajar asibiti ko ta shagon aika kuɗi ta tsaya a Dogon Dutsi, mai gyaran na iya kasancewa a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 250.