Kura-kuran Blazing Saddles da Gaskiyar Shekarar 1874

A watan Fabrairun 1974 kamfanin Warner Bros. ya saki fim ɗin barkwanci mai suna Blazing Saddles, wanda Mel Brooks ya ba da umarni. An ɗora labarin a yammacin Amurka a 1874, shekaru ɗari cif kafin fitowarsa. Wani azzalumin jami'in gwamnati, Hedley Lamarr, yana son raba mutanen garin Rock Ridge da ƙasarsu domin layin dogo zai ratsa ta wurin. Sai ya zuga gwamna ya naɗa musu baƙar fata, Bart, a matsayin shugaban 'yan dokan gari, da zaton ƙiyayyar launin fata za ta watsa garin ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba.

Masu bin diddigin fina-finai sun daɗe suna lissafa abubuwan da suka saɓa wa zamani a cikinsa, kuma suna da yawa. Tun a farkon fim, leburorin layin dogo sun rera waƙar Cole Porter wadda ba ta fito ba sai 1934. Jakar sirdin Bart tana ɗauke da sunan Gucci, kamfanin da aka kafa a Italiya a 1921. Yana tafe cikin hamada ya ci karo da Count Basie da makaɗansa suna kiɗa, alhali an haifi Basie a 1904. An ambaci Jesse Owens, gwanin tseren da ya yi suna a gasar Olamfik ta Balin a 1936. Cikin 'yan ta'addan da Lamarr ya ɗauka haya har da sojojin Nazi da 'yan babur. Su ma 'yan Ku Klux Klan da aka nuna, ƙungiyarsu ta samu tun 1865, amma fararen riguna iri ɗaya masu tsinin hula sun zama tufafinta ne bayan farfaɗowarta a 1915.

Sai dai Brooks da abokan rubutunsa, cikinsu har da ɗan barkwanci Richard Pryor, sun san abin da suke yi. Fim ɗin da kansa yake tona asirinsa. Ana yawan kiran Hedley da sunan tauraruwa Hedy Lamarr, har gwamna ya tuna masa cewa ai 1874 ake ciki, shi ne ma zai iya kai ta ƙara. Ita kuwa, wadda aka haifa a 1914, ta kai ƙarar da gaske, aka sasanta a wajen kotu.

Akwai wani nau'in kuskure dabam, wanda ake kira tangarɗar ci gaban hoto. Ana ɗaukar fage guda sau da yawa, wani lokaci a ranaku mabambanta, sannan a harhaɗa. Idan mai kula da daidaiton fage ya yi sakaci, sai a ga kofin da aka shanye ya sake cika, ko inuwa ta koma wani gefe cikin ƙiftawar ido. Kowane darakta yana ƙoƙarin ɓoye irin wannan. Brooks ya mai da ita makami. A ƙarshen fim, faɗan da ake yi a Rock Ridge ya fasa bango ya faɗa ɗakin da ake ɗaukar wani fim na raye-raye, ya wuce ɗakin cin abincin Warner Bros., ya fita titi. Lamarr ya hau tasi zuwa siliman Grauman's Chinese, wanda aka buɗe a 1927, ya shiga kallon fim ɗin da shi kansa yake ciki. Bart da abokinsa Jim suka sauka daga dawakai suka shige mota. An nuna wa mai kallo ƙarara cewa yammacin da ya saba gani katako ne da fenti.

Abin lura shi ne, batun da ya fi kama da almara a idon masu kallon 1974, wato baƙar fata da lambar hukuma a ƙirji, shi ne mafi kusa da tarihi. An haifi Bass Reeves cikin bauta a Arkansas a 1838. A 1875, shekara ɗaya bayan lokacin labarin, ya fara aiki a matsayin mataimakin jami'in tsaron tarayya ƙarƙashin kotun Alƙali Isaac Parker da ke Fort Smith. Ya yi shekaru 32 yana farautar masu laifi a yankin da ya zama jihar Oklahoma. Masana tarihi da dama suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka kora shanu daga Texas bayan yaƙin basasa baƙaƙe ne, ban da ɗimbin 'yan asalin Meziko. Fina-finan kaboyi da suka zaga duniya, har gidajen silima na Kano da Kaduna, kusan sun shafe su baki ɗaya.

Haka batun leburori. 'Yan Sin su ne mafi rinjayen ma'aikatan kamfanin Central Pacific, amma a sanannen hoton da aka ɗauka ranar 10 ga Mayu 1869, lokacin da layukan gabas da yamma suka haɗu a Utah, da wuya a tsinci fuskarsu. Blazing Saddles ya buɗe da su da baƙaƙe suna aiki cikin rana, shugabanninsu na ganin keken layin dogo ya fi ransu daraja. Da Brooks ya fito a matsayin sarkin Indiyawan daji yana magana da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, shaguɓe yake yi wa al'adar Hollywood ta shafa wa Turawa jan fenti, kamar yadda Jeff Chandler ya fito a matsayin Cochise a 1950, Burt Lancaster kuma ɗan ƙabilar Apache a 1954.

Hatta harbe-harben da aka san kaboyi da su an zuzuta su. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari, kuma yunƙurin tilasta wannan doka yana cikin musabbabin artabun O.K. Corral na 26 ga Oktoba 1881, wanda bai wuce kimanin daƙiƙa 30 ba.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Jakar Gucci a 1874 ba ta yaudari kowa ba, domin an ajiye ta ne a fili don a gani a yi dariya. Kuskuren da ya yi ɓarna shi ne wanda aka yi shekaru ana maimaitawa da fuskar gaskiya, har al'ummomi suka ɗauka cewa fararen fata kaɗai suka gina yammacin Amurka. A 2006 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Blazing Saddles cikin fina-finan da za a adana saboda muhimmancinsu. Shi kuwa Bass Reeves, wanda ya rasu a 1910, sai a 2012 aka kafa gunkin tunawa da shi a Fort Smith.